Kofin da Na Karɓa da Hannu Biyu

Ni dai ban taɓa shan giya ba, ko ɗigo bai taɓa hawa harshena ba. Amma wata goma sha ɗaya na yi a wani shagon cakulan a cikin birnin Washington ina faɗin wace jar giya ce ta dace da wane cakulan, Turawa suna gyaɗa kai suna cewa bakin matar nan ya san ɗanɗano. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in kasa zama wuri ɗaya, in tashi in hau goge abin da ba ya buƙatar gogewa.

Shagon na wata tsohuwar Baturiya ne, ta ba saba'in baya, gajeriya, mai saurin fushi kamar ni. Mijinta ya rasu tun kafin in santa, kuma ba ta da ɗa a kusa. Ni kuwa a lokacin shekarata biyu ina zaune a gidan haya a Hyattsville, gefen Washington, hawa na uku. Maigidana ya fita tuƙi tun da safe, ni ina taga ina kallon motoci har na haddace wace ce ta wa. Zaman ya ishe ni, wallahi har bango nake yi wa faɗa. Da na je shagon neman aiki, wanke-wanke ta ɗauke ni in yi. Kwana huɗu da farawa na ga tana juya narkakken cakulan a kan wani falalen dutse mai sanyi da ke bayan shagon, sai bakin nan nawa da ba ya shiru ya ce, "Madam, ya yi haka, in kika ƙara zai ɗaure."

Ta kalle ni ta saman tabarau, ta tsoma ma'aunin zafi, ta ga haka ne. Ta ce a ina na koya? Na ce mahaifiyata alawar madara take yi a Kano, tun ina 'yar shekara tara nake tsaye a kan tukunya, kuma mu ido ne ma'auninmu. Washegari ina shiga ta miƙo mini faffaɗan ƙarfen da ake juya cakulan da shi, ta ce daga yau dutsen nan nawa ne.

Ba zan iya gaya muku yadda na so dutsen nan ba. A duk faɗin Amurka shi ne abu na farko da aka ce nawa ne. Da safe nakan ɗora tafin hannuna a kansa in ji sanyinsa kafin ma in ɗaura rigar aiki. Tsohuwar kuma ta ba ni mukullin ƙofar baya, ta ware mini lungu tsakanin buhuna inda nake shimfiɗa dardumata in yi azahar da la'asar. Tana yi mini tsawa, ina rama mata, mu kuma yi dariya. Dutsen da yardar tsohuwar su ne abin da na yi wata goma sha ɗaya ina tsoron rasawa.

Ga yadda abin ya fara. Duk Asabar da yamma mutane kamar goma sha biyu sukan zo su zauna a dogon tebur a gaban shago, ta zuba musu jar giya iri uku, kowace da cakulan ɗin da ya dace da ita. Ranar Alhamis take shirya wannan zaman. To, Alhamis ta biyu bayan ta ba ni dutsen, ina cikin aiki sai ga ta da kofunan gilashi biyu masu doguwar ƙafa, da abu ja wur a ciki har ya yi duhu. Ta miƙo mini ɗaya. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta ce, "In ba kya sha ki faɗa, ba komai." Ta faɗa da bakinta, na ji da kunnena. Amma hannunta na miƙe, hannun tsohuwar da ta girmi uwata, kuma kafin kaina ya gama tunani hannayena biyu sun riga sun tafi sun karɓa, na ɗan rusuna, na ce na gode.

Haka aka rene mu. A gidanmu in babba ya miƙo maka abu, ba a barin hannunsa a iska. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka ajiye a gefe. Sau nawa aka kawo mana tuwo daga maƙwabta muna ƙoshe, Inna ta karɓa ta sa albarka, ta rufe shi da faifai, da yamma ta ba wani? Ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙarya, ladabi ne, kowa ya san wasan. Abin da ban yi tunani ba shi ne ita tsohuwar ba ta san wasan ba.

Ƙararrawar ƙofar gaba ta yi ƙara, ta tafi wajen kwastoma ta bar ni riƙe da kofi. Na kai shi hanci, don in ji mene ne ma wannan abin da suke ta rawar jiki a kansa. Sai na ji warin da na sani. Kamar zoɓon da aka dafa ya yi kauri aka manta ba a sa sukari ba, da ɗan ƙamshin busasshen dabino, da wani abu can ƙasa kamar itacen da ya sha hayaƙi. Na juye shi a wurin wanke-wanke, na saki ruwa a kai, na ajiye kofin. Ta dawo ta ga kofi wayam, ta ce, "To, me kika ce?"

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na ji kaina ina cewa, "Wannan tana da nauyi, Madam. Cakulan mai madara ba zai iya da ita ba, baƙi take so, mai ɗaci." Ta buga tebur ta ce ai abin da take gaya wa mai kawo mata giyar ke nan tun makon jiya. Ta tafi tana murna, ni kuma na tsaya ina wanke hannuna har sau uku.

Da na gaya wa maigidana bayan ya dawo, cokali ya ajiye ya zuba mini ido.

"Ke, giya kika riƙe?"

"Ban sha ba, Malam."

"Ai ban ce kin sha ba. Ko riƙewar ma ba kyau, kin sani. Gobe ki je ki gaya mata."

"In gaya mata me? In ce na zubar mata da abu na kuma yi mata sharhi a kai? Haba Malam, sai ka ce ba ka san Turawa ba. Ta karɓe mukullinta in dawo taga in ci gaba da ƙirga maka motoci?"

Ya ce yau kwana ɗaya ne, faɗar da sauƙi, in na bari ta yi wata sai ta yi nauyi. Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa raina ya ɓaci. Na kwashe kwanuka da ƙarfi na shiga kicin.

Ban faɗa ba. Maimakon haka sai na shiga neman yadda zan iya abin da na ce na iya, domin ni ko ƙarya zan yi ba na son in yi ta da kasala. Na tafi kantin kayan Afirka na sayo zoɓo buhu guda, da baƙin ganyen shayi, da kanumfari da masoro. Wata mata 'yar Nijar a garin Lanham tana kawo goro, na je na saya wurinta, har tana tsokanata wai yaushe na zama tsohuwa. Na dafa zoɓo ya yi kauri ba sukari, na jiƙa shayi har ya yi baƙi ƙirin, na haɗa su, don in sami baurin nan da ke kama harshe da dasashi, wanda tsohuwar ke cewa jar giya mai nauyi tana da shi. Sai in jera gutsattsarin cakulan a faranti, in ci wannan in kurɓa, in ci wancan in kurɓa, ina yamutsa fuska ni kaɗai a kicin.

Kuma na gano abubuwa, ba zan ɓoye ba, har da jin daɗi. Na gano in cakulan ya fi abin shan zaƙi, sai ya mayar da abin shan tsami zalla, ka ji kamar ka sha ruwan tsamiya. Na gano in ɗaci ya haɗu da bauri ba mai shiga tsakani, sai su yi ta kokawa a baki, harshe ya bushe. Amma ka sa ɗan gishiri, ko maiƙon gyaɗa, ko dabino a tsakiya, sai su lafa su zauna lafiya. Goro kuwa shi ya koya mini babban abin. Kakata takan ci goro ta kora da ruwa ta lumshe ido, ta ce ruwan ya zama zuma. Ina yarinya na ɗauka zancen tsofaffi ne. A kicin ɗin Hyattsville na gane abin da ke shiga baki da farko shi ke shirya wa na biyu wuri, kuma duk abin da Turawan nan ke biyan kuɗi su koya ranar Asabar ke nan.

Sai ya zama kowace Alhamis ta kawo mini kofuna, wani lokaci biyu, wani lokaci uku. Wannan daga Kalifoniya, wannan daga Ajantina, wannan daga Italiya. In karɓa da hannu biyu. Ita ba ta iya tsayawa wuri ɗaya, kullum akwai waya ko kwastoma ko mai kawo kaya, don haka ba na rasa minti biyu. In sansana, in duba launi a hasken taga, in karkata kofin in ga yadda take gangarowa a jikin gilashi, mai nauyi a hankali take sauka kamar mai. In juye, in saki ruwa. Ta dawo in ce wannan baƙin cakulan mai gishiri, wannan mai busassun 'ya'yan itace, wannan kuma kada ma a gwada ta da mai zaƙi. Na ƙirƙiro wani cakulan mai dabino da ɗan masoro don wata giya da ke da yaji a hanci, ranar Asabar ya ƙare tas kafin a tashi. Tsohuwar ta shigo baya ta kama kumatuna da hannayenta masu sanyi ta ce shekara talatin tana wannan aiki ba ta ga baki irin nawa ba.

Yabon nan shi ya hana ni sukuni. Duk ranar Alhamis tun daga tashar jirgin ƙasa ta West Hyattsville nake fara shirin gaya mata gaskiya. In shiga jirgin Green Line ga kujera amma in kasa zama, in tsaya riƙe da ƙarfe ina haɗa jimlar da zan gaya mata da Turanci. Madam, akwai maganar da ya kamata in faɗa miki tuntuni. In maimaita, in gyara, in sake maimaitawa. Wani lokaci in sauka tasha ɗaya kafin tawa in taka da ƙafa, wai don in sami ƙarfin hali. Ina isa ƙofar baya, in sa mukulli, in ga dutsena yana jirana, sai jimlar ta narke. In ce mako mai zuwa. In na yi la'asar a lungun buhuna kuwa, sai in riƙa jin kamar warin na hannuna, in sake alwala, in sake. Na yi istigfari har na rasa wanne nake nema wa gafara, riƙe kofin ko ƙaryar.

Maigidana ya daina yi mini maganar. Ranar Alhamis in na dawo sai ya kalle ni kawai ya ce, "Yaya aiki?" Wannan tambayar ta fi faɗa ciwo. Wata rana na ce masa, "In kana da magana ka faɗe ta, ka daina yi mini kallon liman." Ya ce shi ai ya faɗi tasa tun watanni tara da suka wuce.

Ranar Litinin ba ma buɗe shago. Wata Lahadi a cikin kaka, ganyen bishiyoyi duk sun yi ja suna zuba, ta kira ni a waya ta ce ko zan iya zuwa gobe da hantsi, ba aiki ba ne. Muryarta ba irin ta kullum ba. Na je na same ta a baya ta jawo kujeru biyu kusa da dutsen, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ga kofuna biyu, ga wata kwalba mai ƙura da takardar jikinta ta yi rawaya. Ta ce yau ce ranar da mijinta ya rasu. Shi ne ya san giya, ita cakulan kawai ta sani, shi ya koya mata haɗa su. Kafin ya kwanta ciwo ya sayi irin wannan kwalba guda shida daga garin kakanninsa a Italiya, ya ce su riƙa buɗe ɗaya duk shekara. Ɗaya kawai suka sha tare. Sauran ita kaɗai ta riƙa buɗewa, kuma wannan ce ta ƙarshe.

"Ba na son in sha ta ƙarshe ni kaɗai," in ji ta. "Kuma ba na son in ba wanda ba zai gane ta ba. Ke za ki gane."

Inna lillahi. Na ce a raina yanzu ne, ki faɗa yanzu, ki buɗe bakin nan naki da ba ya shiru. Ta zare toshiyar a hankali, ta zuba, ta miƙo. Idonta ya cika da ƙwalla. Ku gaya mini, wa zai bar wannan hannun a iska? Na karɓa da hannu biyu.

Yau ba waya, ba kwastoma, ba ƙararrawa. Ta zauna tana fuskantata, ta kurɓi nata, ta rufe ido. Ni ina riƙe da nawa ina juya shi, ina kai shi hanci ina saukewa, kamar yadda na ga masana na yi. Ta fara ba ni labarinsa, yadda yake waƙa in yana wanke tukwane, yadda yake satar cakulan yana ɓoyewa a aljihu har ya narke. Can ta ce bari ta ɗauko mini hotonsa a ofis in gan shi. Ta tashi tana dafa bango.

Taku huɗu ne daga kujerata zuwa wurin wanke-wanke. Na yi su. Na juye, na saki ruwa kaɗan yadda ba za ta ji ƙara ba, na bar ɗan saura a gindin kofin, na dawo na zauna. Duk bai kai minti ɗaya ba, don hannuna ya riga ya saba.

Ta dawo da hoton, wani dogon mutum mai gashin baki yana dariya. Ta dubi kofina ta yi murmushi ta ce, "To, gaya mini." Na ce tana da ƙamshin busasshen ɓaure, da fatar da aka jeme, da ƙasa in ruwan farko ya sauka. Abin da hancina ya ji ke nan, ban ƙara ba. Sai ta sa hannu ta rufe baki, hawaye ya zubo. Ta ce haka yake cewa, ƙasa bayan ruwa, kalmominsa ke nan. Ta ɗaga kwalbar ta raba sauran tsakanin kofina da nata, daidai wa daida. Wannan ma da ta shiga banɗaki wanke fuska na bi da shi inda na bi da na farko.

Ranar ban shiga jirgi ba. Na yi ta tafiya a ƙasa, na wuce tasha, na wuce ta gaba, ina taka busassun ganye, ban san inda nake nufa ba. Na tsani kaina, wallahi na tsani kaina. Kwana biyu na kasa cin abincin kirki, in ɗauki abu in ajiye, in buɗe firji in rufe. Da na gaya wa maigidana bai yi faɗa ba, bai ce ai na gaya miki ba. Sai dai ya ce, "Kayan marayu kika zubar." Na ce ai ba marainiya ba ce, tsohuwa ce. Ya ce in je in sake duba ta da kyau.

Ranar Alhamis ta shigo baya da kofuna kamar kullum, fuskarta a sake, ta ce ta yanke shawara. Ƙafafunta sun gaji, daga wannan Asabar ni zan riƙa tsayawa a gaban tebur ina jagorantar zaman, in kurɓa tare da baƙi in yi musu bayani. Ta miƙo kofin. Hannayena suka motsa za su tafi, na damƙe su a bayan rigar aiki. Karo na farko a rayuwata na bar hannun babba a iska, kuma na ji kamar na mare ta.

"Madam, ba na sha."

"Yau ba kya jin daɗi?"

"Ban taɓa sha ba. Addinina ya hana. Tun ranar farko ban sha ba."

Ta yi dariya kaɗan, tana jiran in ce wasa nake. Da ta ga ban yi ba, ta ajiye kofin a kan dutsen. Na hau bayani, zoɓo da shayi da goro da hanci, da yadda a wurinmu ba a mayar da hannun babba. Ban san ko ta ji rabin abin da na faɗa ba. Ta ce, "Duka?" Na ce duka. Ta ce, "Ina suke tafiya?" Idona ya tafi wurin wanke-wanke, nata ya bi shi.

Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta ce, a hankali, "Har tasa?"

"Har ita, Madam."

Na shirya wa tsawa. Na san faɗanta, na so ma ta yi, ta jefe ni da ludayi, ta ce in ba ta mukullinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta cire tabarau ta goge da gefen riga ta ce, "Na tambaye ki ranar farko. Da kin ce a'a, da shayi zan dafa miki, mu zauna." Ta mayar da tabarau. "Rabin kwalbar na ba ki. Da na sani, da na sha ta kwana biyu, da ya ƙara kwana biyu tare da ni."

Na durƙusa a wurin kamar yadda zan durƙusa wa Inna, na ce ta yafe mini. Ta ce in tashi, ƙasan da sanyi, kuma akwai odar da za a zo ɗauka ƙarfe huɗu. Ta ɗauki kofunanta biyu ta fita.

Ba ta kore ni ba. Ba ta karɓi mukulli ba, dutsen ma yana hannuna, lungun sallata na nan. Zaman Asabar ita ta ci gaba da yi da ƙafafunta masu ciwo. Ranar Alhamis takan tsaya a gaban shago da kofi ɗaya ta yi zaɓinta ita kaɗai, ta rubuto mini a takarda abin da zan yi. Abin da ta daina shi ne tsawa. Ta koma yi mini magana da ladabi, don Allah, na gode, sannu da aiki, irin yadda take yi wa mai kawo madara. Ni da na yi wata goma sha ɗaya ina tsoron a raba ni da dutse, sai ga ni da dutsen, ina neman wanda zai ce mini aikina ya yi muni.

Na kasa haƙura. Bayan mako uku na tashi da sassafe na dafa zoɓo na gaske, ba irin na gwaji ba, wanda Inna ke yi in za a yi baƙi, da citta da kanumfari da ɓawon abarba, na tace shi sau biyu. Na zaɓi farin goro mafi kyau, na naɗe a ɗanyen ganye. A jirgi na rungume flas ɗin a ƙirji, ina tsara yadda za a yi. Za ta ciji goron ta yamutsa fuska ta zage ni, in ce ta kora da ruwa, ta ji zaƙin, ta yi mamaki. Sai in zuba mata zoɓon in ba ta cakulan mai dabino, in nuna mata inda na samo duk abin da na gaya mata, ta ga ba duka ne ƙarya ba.

Da hantsi shago ya yi shiru, na wanke ɗaya daga cikin kofunan nan masu doguwar ƙafa, na cika shi, ja wur, na ɗora goron a ƙaramin faranti, na kai mata. Na ce, "Madam, wannan namu ne. Da shi na koya."

Ta dubi kofin, ta dube ni. Ta ajiye biron da ke hannunta, ta miƙo hannu biyu ta karɓa, ta ɗan sunkuyar da kai, ta ce ta gode. Sannan ta ajiye shi a gefen kantar shagon, ta ci gaba da rubutunta.

Na koma baya ina leƙe ta ƙofa. Azahar ta yi, yana nan. La'asar ta yi, yana nan, goron ya fara bushewa a faranti. Ƙarfe shida ta sa kwat ɗinta, ta ce in kashe fitilu in na gama, sai da safe. Na fito na tarar da kofin a cike yadda na kawo shi, sanyinsa ya tafi. Na tsaya riƙe da shi ban san iya lokacin ba. Daga kantar zuwa wurin wanke-wanke akwai ɗan nisa, ni na kai shi da kaina na juye, na saki ruwa a kai.